Yadda ake haɗa farin zobo mai tsami, da abincin da ke tafiya da shi

Yawancin masu koyon farin zobo suna yi masa abin da suka saba yi wa ja: a tafasa har ya gaji, a zuba sukari kamar ana dama kunu. Wannan na sayarwa ne a leda. Wanda za a ajiye kusa da faranti aikinsa ya wanke maiƙo daga baki, kuma tsami ne ke yin haka. Dalilin da ya sa ke nan Faransawa ke haɗa kifi da farar giyarsu ta inabi marar zaƙi. Mu da ba ma shan giya, farin zobo ya ishe mu.

A babbar kasuwar Maradi ki nemi wanda ya bushe sosai, launinsa fari-fari da ɗan ruwan ƙasa. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko yake warin danshi ki bar wa mai shi, ko da ya rage miki kuɗi. Ki wanke sau biyu cikin ruwan sanyi, ki riƙa tsamo shi da hannu, kada ki tsiyaye, don yashin yana kwance a gindin kwano.

Ga inda ake ɓata shi. Kada zobon ya hau wuta. Ruwa kaɗai za ki tafasa, lita biyu, da citta ɗanya ƴar kaɗan da kanumfari uku ko huɗu. Ki sauke, ki juye a kan zobo cikin hannu biyu, ki rufe, minti 20 zuwa 30. Da ya wuce haka sai ɓauri ya fito, ruwan ya yi duhu, daga nan kuma babu gyara sai a yi ta ƙara sukari. Kada ki jiƙa shi a tukunyar dalma, tsamin yana cin ta, za ki ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Kwanon tangaran ko roba mai tsabta ya fi. Kanwa kuwa, da wasu ke jefawa don kashe tsami, ban yarda da ita ba ko ƙwaya. Tsamin da kika fita nema ne za ki kashe? In kina tsoron wuce lokaci, ki jiƙa da ruwan sanyi da dare ki tace da safe. Ba gawayi, ba gas, kuma ya fi fitowa garau.

Ki tace da ƙyalle, kada ki matse. Sukari cokali biyu ko uku a lita biyun, ki ɗanɗana ki tsaya. Ganyen na'ana'a sai a ƙarshe. Ki sanyaya kwalbar gaba ɗaya maimakon jefa ƙanƙara a ciki, don tana narkewa ta mai da shi salam.

Da soyayyen kifi ya fi dacewa, musamman na tafkin Madarunfa, kusa da Maradi, da aka soya da man gyaɗa: loma ɗaya, kurɓi ɗaya, bakin ya koma sabo. Gasasshen zabo, awara, ƙosai, waina, kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli, duk suna karɓarsa. In kilishi ne mai yaji da yawa, ki ƙara sukari cokali guda, don zaƙi yana rage zafin barkono. Tsire da balangu sun fi ƙarfinsa, ki ba su jan zobo. Kada ki kawo farin zobo da miyar yakuwa, tsami kan tsami ne. Da alkaki ko nakiya ma haka, zaƙinsu zai sa a ji shi kamar ruwan tsamiya zalla. Ko a firiji, ki shanye shi cikin kwana biyu.