Yadda matuƙa jirgi ke yi idan inji ya mutu bayan tashi

Tun jirgi yana ƙasa ake yanke shawarar. Kafin kowane tashi, matuƙa kan lissafa wani gudu da ake kira V1, gwargwadon nauyin jirgi, tsawon titi da yanayin gari. In inji ya mutu kafin a kai wannan gudun, sai birki. In an wuce shi, babu tsayawa, don titin da ya rage ba zai isa ba. Tashi za a yi, kuma jirgin zai iya: ba a amince wa babban jirgin fasinja mai inji biyu ya ɗauki mutane sai an tabbatar yana hawa da inji ɗaya.

Aikin farko na ƙafa ne. Injin da ke raye zai riƙa karkatar da hancin jirgi zuwa ɓangaren da ya mutu, sai mai tuƙi ya danne fedar da ke juya wutsiya har jirgi ya miƙe. Da an ga yana hawa, a ɗage tayoyi, a riƙe gudun da ake kira V2, wato gudun da jirgi zai iya hawa lafiya da inji ɗaya.

Daga nan sai abin da ya fi wuya, wato kame hannu. Yawancin kamfanoni sun hana taɓa injin sai an kai ƙafa 400 daga ƙasa, ko da ƙararrawa na ta ihu. Ɗaya ya ci gaba da tuƙi, ɗayan ya karanta agogunan inji ya faɗi abin da ya gani. Kafin a rage ƙarfin injin ko a datse masa mai, mai kashewa zai ɗora hannu ya ambaci injin, na hagu ko na dama, abokinsa ya duba da idonsa ya ce haka ne.

Wani zai ce ɓata lokaci ne, amma da rayuka aka sayi wannan ƙa'ida. A 1989, kusa da Kegworth a Ingila, matuƙan wani Boeing 737 suka kashe injin dama alhali na hagu ne ya lalace; mutum 47 suka rasu. A 2015 aka maimaita kuskuren a Taipei, jim kaɗan bayan tashi, aka rasa 43. A duka biyun akwai lafiyayyen inji.

Rediyo daga baya yake zuwa. Sai jirgi ya daidaita a ce "Mayday", kalmar neman agajin gaggawa, sau uku, a gaya wa hasumiya abin da ake ciki. A janye ƙarin fukafukan tashi, a bi jerin matakan da ke littafi ko allo, kyaftin ya sanar da shugaban ma'aikatan ciki mintunan da suka rage kafin sauka, sannan fasinjoji.

Galibi filin da aka baro ake komawa. Boeing 737 da Airbus A320 ba su da hanyar zubar da mai a sama, don haka ko a yi shawagi a ƙona shi, ko, in wuta ce, a sauka da nauyin haka nan, motocin kashe gobara su tarye shi su duba zafin birki.