Yadda ake auna ko gasa za ta iya kafa ƙungiya a ƙasa maƙwabciya

A shekarar 1995 gasar ƙwallon kwando ta NBA ta tsallaka iyakar Amurka ta kafa ƙungiyoyi biyu a Kanada lokaci guda: Raptors a Toronto da Grizzlies a Vancouver. Kowacce ta biya dala miliyan 125 kuɗin shiga. Bayan shekara shida Grizzlies ta tattara nata ya nata ta koma Memphis, ita kuwa Raptors ta zauna daram har ta ɗauki kofi a 2019, lokacin da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yake jan ragamarta. Duk mai son ya san ko faɗaɗa gasa zuwa maƙwabta zai ɗore, ya bi waɗannan gwaje-gwaje bi da bi, kuma kada ya tsallake na farko.

Fara da canjin kuɗi

Tambayar farko ita ce: da wane kuɗi ƙungiyar za ta samu, da wanne za ta biya? Ƙungiyar Kanada tana sayar da tikiti da abinci da talla da dalar Kanada, amma albashin 'yan wasa da dalar Amurka ake biya. Ɗauki takarda ka yi lissafin. A ce albashin shekara dala miliyan 50 ne na Amurka. In dalar Kanada tana daidai da santi 75 na Amurka, ana bukatar miliyan 66.7 na kuɗin gida. In ta faɗi zuwa santi 62, kamar yadda ta yi a farkon 2002, kuɗin ya haura miliyan 80. Ba a ƙara ɗan wasa ko ɗaya ba, amma miliyan 14 ta tafi.

Wannan ciwon ne ya taimaka wajen raba Kanada da ƙungiyoyi biyu na gasar hoki ta kan ƙanƙara, wato NHL: Nordiques ta bar Quebec zuwa Colorado a 1995, Jets ta bar Winnipeg zuwa Phoenix a 1996, duk da cewa a ƙasar babu wasan da ya kai hoki farin jini. Saboda haka ka yi kasafi a kan canji mafi muni da aka gani cikin shekara 20 da suka wuce, ka bar na yau. Sannan ka duba abu biyu: ko ƙungiyar za ta iya ƙulla yarjejeniya da banki ta sayi dala tun gaba a kan tsayayyen farashi, da kuma ko gasar tana da asusun tallafa wa ƙungiyoyin da canji ya danne, irin wanda NHL ta buɗe wa ƙananan garuruwan Kanada a tsakiyar shekarun 1990. In babu ko ɗaya, a dakata.

Kada cikar fili na rana ɗaya ta ruɗe ka

A 2005 gasar NFL, ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ta kai wasa filin Azteca a birnin Meziko, mutum sama da 103,000 suka shiga. Abin burgewa ne, amma biki ne na yini guda. Ƙungiyar NBA tana buga wasa 41 a gida kowace kaka, ta besbol kuwa 81, har da daren Talata da abokiyar karawar da ba wanda ya damu da ita. Ƙungiyar Buffalo Bills ta NFL ta gwada kai wasa ɗaya Toronto kowace shekara daga 2008 zuwa 2013. Tikitin ya yi tsada, mutanen gari ba su ɗauke ta tasu ba, a wasan ƙarshe 'yan kallo ba su kai 40,000 ba, aka soke shirin.

Gwajin da ya fi gaskiya shi ne a sa mutane su ajiye kuɗi. Da aka mayar da NHL Winnipeg a 2011, masu ƙungiyar sun nemi a sayi tikitin kaka 13,000 a filin da ke ɗaukar kusan 15,000, kuma kowane mai saye ya ɗaure kansa na shekara uku zuwa biyar. Cikin 'yan kwanaki aka cike gurbin. Irin wannan alƙawari shi ake kaiwa gaban banki. A haɗa da ƙirga kamfanonin garin da za su iya kama ɗakunan alfarma na filin duk shekara, domin a nan ne kuɗi mai kauri yake.

Fili da mai ƙungiya

Fili ya zama na wannan wasan, kuma mai ƙungiya ya zama yana cin ribar abin da ake sayarwa a ciki. Expos ta Montreal, wadda ta shiga gasar besbol ta MLB a 1969, ta shafe shekaru a filin da aka gina don wasannin Olamfik na 1976, mai nisa da tsakiyar gari, rufinsa kullum cikin gyara. Da shirin gina sabon fili ya rushe, ƙungiyar ta koma Washington bayan kakar 2004. Sai dai fili shi kaɗai ba ya kawo ƙungiya: Quebec ta buɗe sabo fil mai ɗaukar sama da 18,000 a 2015, NHL ta zaɓi Las Vegas a 2016, tana kafa hujja da raunin dalar Kanada.

A auna filin da awo, a taka ciyawarsa. Gasar CFL ta Kanada, mai wasa irin na NFL, ta shiga Amurka daga 1993 zuwa 1995, alhali filinta yadi 110 ne a tsawo, 65 a faɗi, na Amurka kuwa yadi 100 da faɗin 53 da ɗoriya. A wasu garuruwan sai da aka guntule ƙarshen fili kafin a buga. A 2018 ma NFL ta ɗauke wasan Chiefs da Rams daga Azteca zuwa Los Angeles saura ƙasa da mako guda, domin ruwan sama da tarukan kiɗa sun lalata ciyawar.

Shi kuwa mai ƙungiya, a nemi ɗan ƙasa mai aljihun da zai jure asarar shekara biyar zuwa goma. Mafi dacewa shi ne wanda yake da gidan talabijin, kamar kamfanin Rogers na Kanada da ya mallaki Blue Jays, ƙungiyar besbol ta Toronto, tun 2000, domin abin da ya rasa a ƙofar fili yana mayarwa a akwatin kallo.

Kuɗin talabijin

Nan ne masu ƙungiyoyin da ke cikin gasar suke kafa ido. Gidajen talabijin na Amurka ba sa ƙirga masu kallo na Kanada wajen sayar da talla, don haka Toronto ba ta ƙara wa kwangilarsu komai. Sabuwar ƙungiya kuma tana rage kason kowa: abin da ake rabawa gida 30 ya koma gida 31. Dole kuɗin shiga da sabuwar kwangila a ƙasar maƙwabta su cike wannan giɓin. NHL ta samu haka, domin a 2013 Rogers ya amince zai biya dalar Kanada biliyan 5.2 na shekara 12.

Kada a daƙile jaririyar ƙungiya

Kuskuren da NBA ta yi a 1995 ya isa darasi. An hana ƙungiyoyin biyu samun zaɓin farko a rabon sabbin 'yan wasa na shekarunsu na farko. Grizzlies ta yi ta shan kashi, kuma da ta zaɓi Steve Francis a matsayi na biyu a 1999, ya ƙi zuwa Vancouver, dole aka sayar da shi ga Houston. Garin da bai saba da wasa ba ba zai yi ta biyan kuɗi yana kallon ana lallasa ƙungiyarsa ba. A ba sabuwar ƙungiya hanyar samun 'yan wasan kirki tun kakar farko, a kuma tanadi ma'aikatan da za su warware wa 'yan wasa batun haraji na ƙasa biyu, takardar izinin aiki, da makarantar yara.

Izinin hukumomi da iyaka

A ƙwallon ƙafa akwai ƙarin ƙofa. Ƙungiya ba ta buga gasar wata ƙasa sai hukumomin ƙwallon ƙasashen biyu da ta nahiya da FIFA sun amince. Cardiff da Swansea da Wrexham na Wales suna cikin tsarin Ingila, Monaco tana Faransa, ƙungiyoyin Toronto da Vancouver da Montreal suna gasar MLS ta Amurka. A rubuta tun farko ta wace ƙofa ƙungiyar za ta shiga gasar nahiya. Wellington Phoenix ta New Zealand tana gasar Ostareliya tun 2007, amma ba ta da damar buga gasar zakarun Asiya, domin ƙasarta tana ƙarƙashin hukumar Oceania.

A kuma tanadi filin ko-ta-kwana a ɗaya ɓangaren iyaka. Da annobar korona ta sa aka rufe iyakar Kanada, Raptors ta buga kakar 2020 zuwa 2021 a Tampa ta jihar Florida, Blue Jays ta fake a Buffalo.

Fara da ƙaramin mataki

In an ci duk waɗannan gwaje-gwaje, a fara da ƙungiya a ƙaramar gasa. Haka NBA take yi da Meziko: Capitanes ta birnin Meziko ta shiga G League, ƙaramar gasar NBA, a 2021. Da irin wannan ƙungiya ake gane kuɗin jirgi na gaske, da yadda 'yan wasa ke numfashi a birnin da ke mita 2,240 sama da teku, da farashin tikitin da mai karɓar albashi da kuɗin peso zai iya biya wasa bayan wasa. A tara alƙaluman kaka uku zuwa biyar, sannan a kai su gaban masu ƙungiyoyi su kaɗa ƙuri'a.