Kurakuran da Masu Shagon Kwamfuta a Gusau Suka Fi Yi, da Yadda Za a Gyara Su

Da zarar kwamfutar shago ta rikice, maganar farko da mai shago zai faɗa wa mai gyara ita ce, “Malam, an yi mini kutse.” A shagunan buga takardu da kafe-kafen da nake zagayawa gyara, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da Samaru, da wuya ka tarar wani gwanin kutse ne ya zauna takanas ya nufi shagon. Kusan kullum mai shagon ne ko yaronsa ya buɗe ƙofa da hannunsa. Abin da ya sa lamarin ke da nauyi kuwa, yawancin abin da ke cikin kwamfutar ba naka ba ne. Takardar NIN ta wani ce, sakamakon WAEC da NECO na 'yar wani ne, ga bayanan rajistar JAMB, ga kundin binciken ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Foliteknik ɗin Ƙauran Namoda da suka kawo a buga musu. Amana ce aka bar maka, ko ba a furta ba.

Babban abin da ya fi kashe shaguna shi ne manhajar sata. Yaro yana son CorelDraw ko Photoshop ko Office, kuɗin lasisi ya fi ƙarfin shago, sai ya shiga intanet ya sauko da wadda aka fasa. Shafin da ya samo ta zai gaya masa ya kashe Windows Defender, wato manhajar kariya daga bairos da ke zuwa tare da Windows, kafin ya ɗora, wai don kada ya hana. Nan take zai kashe, kuma ba zai sake kunnawa ba. Akwai wani bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wanda ta wannan hanyar ya fi yaɗuwa a duniya. Alamarsa ba ta ɓuya: da safe ka kunna kwamfuta ka ga kowane fayil an liƙa masa wasu baƙin haruffa a ƙarshen suna, Word ya ƙi buɗewa, hotuna sun ƙi buɗewa, sannan ga wata 'yar takarda mai suna _readme.txt tana neman kuɗin fansa da dala, ko rabin kuɗin idan ka tuntuɓi masu bairos ɗin cikin awa 72. A nan ne mai shago zai ce, “To Malam, a yi mata fomatin mana.” Fomatin, wato goge komai a sake ɗora Windows, zai kori bairos ɗin, amma fayilolin da aka kulle ba ya dawo da su. Kamfanin Emsisoft yana da manhajar kyauta da ke buɗe wasu, sai dai tana aiki ne kawai idan bairos ɗin bai samu damar karɓo makulli na musamman daga iyayen gidansa ta intanet ba lokacin da yake ɓarnar. In ya samu, sai haƙuri.

Maganin bai da daɗin ji. Duk manhajar da ta ce sai ka kashe kariya kafin ta shiga, kada ta shiga. Don buga wasiƙa da lissafi akwai LibreOffice, kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. Don zane akwai Inkscape da GIMP. Na san masu zanen katin biki da fosta za su ce hannunsu ya saba da CorelDraw, kuma gaskiyarsu ne. To a ware wa zanen kwamfuta guda, wadda ba a ajiye takardun mutane a cikinta, ba a shiga imel ko asusun banki da ita.

Sai filash. Kowane kwastoma da nasa yake zuwa, kuma ya bi shaguna da dama kafin naka. Wanda aka fi gani shi ne mai ɓoye fayiloli: ka cusa filash ka ga duk jakunkunan sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gefe. Ɗaliba ta fara kuka, projet ɗinta na ƙarshe ya tafi. Bai tafi ba, ɓoye shi aka yi. Kuskure na farko shi ne danna waɗannan masu kibiyar, domin dannawar ce ke tayar da bairos ɗin a kwamfutarka. Na biyu shi ne gaggawar yi wa filash ɗin fomatin. Abin yi: ka bar Defender ya bincike shi tukuna, sannan ka buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni a ciki, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (ka canza E da harafin da filash ɗin ya ɗauka). Jakunkunan na asali za su bayyana, ka goge na ƙaryar. Idan kuma kowane filash mai lafiya da ya shiga kwamfutarka da cutar yake fita, to ba kwastomomi ke kawo ta ba, a shagonka take kwana, kuma kai ne ke raba wa gari.

Duk waɗannan da sauƙi in akwai ajiyar ko-ta-kwana, amma kaɗan ne ke da ita. Wasu suna kwafe fayiloli daga C zuwa D su ce sun yi ajiya, alhali faifai ɗaya ne aka raba biyu. Ranar da ya mutu, duka biyun sun tafi. Wasu sun sayi faifan waje, amma sun bar shi a jone dare da rana, don haka mai garkuwa da fayiloli zai haɗa da shi ya kulle. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna faɗa ita ce kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen shago. A aikace: kwamfuta, faifan waje da ake jonawa a kwafa a cire a tafi da shi gida, sai kuma Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta. Mu a Zamfara muna da dalilin da zai hana mu dogara da intanet kaɗai. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira babu data. Wanda duk takardunsa ke cikin imel a lokacin, daidai yake da wanda ba shi da su. Kuma a riƙa gwada ajiyar: lokaci-lokaci ka jona faifan ka buɗe fayil biyu ko uku ka tabbatar suna buɗewa.

Akwai wani sakacin da ba ya lalata kwamfuta, mutane yake lalatawa. Buɗe jakar Downloads ko fuskar kwamfutar kowane kafe ka gani: hotunan fasfo, takardun NIN, bayanan banki, takardar haihuwa, na shekaru, kowa ya zauna zai iya kwashewa a filash. Burauza kuma ta adana kalmomin sirrin kwastomomi, domin duk sanda ta tambaya ko a adana, yaro “eh” yake dannawa. Wani ɗalibin ma imel ɗin da aka yi masa rajistar JAMB da shi, mai kafe ne ya buɗe masa, shi ne ya san kalmar sirrin, sai bayan wata shida a zo ana nema an manta. A buɗe wa yaro imel da lambar wayarsa ko ta mahaifinsa, a rubuta masa kalmar sirri a takarda ya tafi da ita. A kashe adana kalmar sirri a burauzar shago, a riƙa yi wa kwastoma aiki a tagar sirri, wadda Chrome ke buɗewa da Ctrl, Shift da N. Kafin a tashi da yamma a goge abin da aka yi sikanin. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, kuma dokar ba ta ce sai manyan kamfanoni kaɗai ba.

Rauta, na'urar da ke raba intanet a shago, ba ta buƙatar dogon bayani. Yawancinsu suna zuwa da admin a matsayin suna da kalmar sirri, kuma haka ake barinsu. Duba ƙasanta za ka ga adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na Huawei. Rubuta adireshin a burauza ka shiga, ka canza kalmar sirrin shugabanci, wadda daban take da ta Wi-Fi. Ka bar tsaro a WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, hanyar hawa Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba. In kwastomomi na hawa, buɗe musu layin baƙi daban. Lambar wayarka kuwa ba kalmar sirri ba ce, tana rubuce a allon shagonka.

Batun sabunta Windows ne nake shan gardama a kai. “Oga, data yake ci,” in ji yaran shago, sai su kashe sabuntawa gaba ɗaya. Data kam yana ci. Amma a tuna bairos mai garkuwa da fayiloli WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya shiga ƙasashe sama da 150 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila: Microsoft ta riga ta fitar da maganin ramin da ya bi tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne ya ci. Windows 7 ta daina samun kariya ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya daina sabunta mata daga siga ta 109. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Yawancin kwamfutocin Beljiyam da muke saye ba za su hau Windows 11 ta hanyar da ta dace ba, domin tana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta, da injin Intel na ƙarni na takwas ko sama da haka. A ganina, tsohuwar kwamfutar da aikinta buga takarda ne kawai a cire ta daga intanet ta ci gaba da aikinta. Wadda ake cike fom da ita a ɗora mata Linux Mint, manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, in dai firintarka da na'urar ɗaukar zanen yatsa za su yi aiki da ita. A gwada kafin a goge komai.

Haka nan kada yaran shago su riƙa aiki da asusun shugaba. Ka buɗe musu asusu na gama-gari, ka riƙe kalmar sirrin shugaba a wurinka, ta yadda yawancin manhajoji ba za su ɗoru ba sai da saninka. Wannan kaɗai yana rage rabin ciwon kai.

Wuta da ƙura suna tasu ɓarnar a hankali. Ɗauke wuta ana tsakiyar ajiye fayil yana lalata shi, sauyawa daga NEPA zuwa janareto kuma yana cin akwatin wutar kwamfuta. UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, in batirinsa ya mutu ado ne kawai. Zare filogi daga bango ka ga ko zai riƙe. Bayan hunturu a buɗe babban akwatin kwamfutar a hure ƙura kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo, kuma a ɗaga shi daga ƙasa.

Wayar shago ma tana cikin lissafi, tunda ta WhatsApp kwastomomi ke turo takardu yanzu. Wani zai kira ya ce daga ƙungiyar masu kafe yake, za a yi taro ta intanet, “Alhaji, karanto mini lambobi shida da suka shigo maka.” Lambobin nan na ɗauke WhatsApp ɗinka ne zuwa wayarsa, daga nan ya bi kwastomominka yana neman rance da sunanka. Shiga saituna ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri da imel. Layin da ke haɗe da banki kuma a sa masa PIN na SIM, a adana lambar PUK a gida, domin kuskure uku a jere wajen sa PIN yana kulle layin, kuma da PUK ɗin ake buɗe shi.