Yadda ake toshe asarar wuta a injin kwamfuresa na ƙaramar masana'anta

Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ba su da zance sai na sola. Ni kuwa shawarata, kafin a sayi fanel ko ɗaya, a fara leƙa ɗakin kwamfuresa, wato injin matse iska. Masu ruwan leda, masu busa robobi, masu injin tace shinkafa, duk da iska suke aiki, kuma iskar nan tsada gare ta: mafi yawan wutar da injin ke ci zafi take komawa. Inda ba a kula da bututu, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar a yoyo take tafiya.

Da farko ka auna asarar. Bayan an tashi aiki, ka kashe duk injinan da ke jan iska, ka bar kwamfuresa shi kaɗai ya cika tanki. Tunda babu mai amfani da iskar, duk sake tashin da zai yi, yoyo yake ciyarwa. Riƙe agogo ka rubuta mintin da yake yi yana cikawa da wanda yake yi yana hutawa, zagaye takwas ko goma. Sai ka raba lokacin cikawa da jimillar lokutan biyu. Misali, cikawa minti 2, hutu minti 6: biyu cikin takwas, kwata na iskarka ke nan a banza. In ya haura kashi 10, akwai aiki a gabanka.

Sannan ka bi layi ka nemo wuraren. Manyan za ka ji tsakinsu da kunne idan wurin ya yi tsit. Ƙananan kuwa sai da dabarar mai faci: kaɗa ruwan sabulu, shafa a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa ka ɗaura ƙyalle. Da wuya ka sami laifin a jikin bututun ƙarfe. Yawanci yana bakin tiyo ne, ko kilif da ya saki, ko bawul ɗin ƙasan tanki da wani ya bari a ɗan buɗe don ruwa ya riƙa fita. Kada ka raina ƙaramar kafa. Huda mai faɗin milimita 3 a matsin bar 6 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana cin kusan kilowat 3. Awa 10 a rana, kwana 26, ka ga yunit 780, wato sama da naira dubu 150 a wata. Wanda ke kan janareto, nasa ya fi haka.

Gyaran ba shi da wuya: sabon kilif, tef ɗin masu famfo, yanke tiyon da ya tsage. Naɗa robar tayar keke ba gyara ba ne. Layin da aka daina amfani da shi, sa masa bawul ka rufe.

Sai bayan an toshe ne za ka taɓa gejin matsi. Da yawa suna ƙara matsi ne don yoyo ya hana iska kaiwa injin ƙarshe. Duba abin da injin da ya fi kowanne buƙata yake nema, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kana lura da aiki. Rage bar ɗaya na sauke kusan kashi 7 na wutar da kwamfuresa ke ci.

Saura abin da yake shaƙa. Iska mai zafi ta fi wuyar matsewa, don haka kada ka kulle shi ɗaki ɗaya da janareto. Lokacin hunturu ƙura kan toshe filta da wuri, sai a riƙa dubawa duk mako. A hana ma'aikata kakkaɓe riga da share ƙasa da iskar, tsintsiya na nan. Bayan wata uku ka maimaita gwajin agogon, domin girgizar injina kan sake kwance mahaɗa.