Kurakuran da ke sa ciyawar kiwo ta yi tauri

Ciyawa tana yin tauri ta hanya biyu: ko an matsa mata da kiwo, ko an bar ta ta riƙa. Makiyayanmu na Kano da Jigawa sun fi faɗawa ta farko, masu yankan ingirici kuma ta biyu.

Babban kuskure shi ne kora shanu fili da zarar ƙasa ta yi kore a watan Yuni. Tohon farko na ciyawar gamba daga abincin da saiwa ta ajiye tun bara yake fitowa. Idan aka cinye shi, ya sake fitowa aka sake cinyewa, saiwar ta rame ke nan. A jira sai gamba ta kai gwiwa. Idan an shiga kuma, a fitar da dabbobi tun da sauran kamar taki ɗaya a gindinta, wato santimita 15 zuwa 20, domin daga gindi ciyawa ke tohowa. Tumaki da jakuna sun fi shanu aske ta har ƙasa, a fi sa musu ido.

Filin da ake ci kullum, ganyensa yakan fito gajere, siriri, mai kaushi. Kaushin yana zuwa ne saboda ciyawar tana ƙara tara wani sinadari mai kama da yashi, silika, don kare kanta. Shi ne ke yanka hannun wanda ya fizgi tofa. Dabba kuma gwanar zaɓe ce: ta cinye harkiya da kyasuwa, ta tsallake ƙarangiya idan ta yi ƙaya. Bayan 'yan damuna sai a ce filin ya mutu, alhali masu daɗin ne aka ƙarar. Gyaran shi ne a raba filin gida uku ko huɗu, kowane yanki ya huta mako 4 zuwa 6 da damina. Kyasuwa ba ta wuce damina ɗaya a raye, don haka kowace shekara a bar yanki guda ta zubar da iri.

Hutun ma yana da iyaka. Gamba da ta yi kara ta fitar da kai ta zama ta zana. Furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin 100 da saniya ke buƙata, sai ka ga ciki cike, haƙarƙari a waje. Mai son ingirici ya sa lauje kafin fure ya buɗe, ya shanya kwana biyu ko uku yana juyawa, ya ɗaure ya ɗora a rumfa tun da sauran kore a jikinsa.

A fadama kuwa, irin ta Haɗejia, kada a shigar da garke ƙasa tana caɓi. Kofato yana daddaƙe ƙasar, ya nutsar da gindin ciyawar burgu. A bari sai ƙafa ta daina nutsewa.