Yadda Ake Koya wa Yara Lissafin Sau Tun Daga Tushe

Yaron da ya iya rera "biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu" har ƙarshe ba lallai ne ya iya lissafin sau ba. A tambaye shi bakwai sau shida kai tsaye. In ya koma farkon layi yana ƙunƙuni har ya iso wurin, to waƙa ya haddace. Hadda tana da amfani, amma ba da ita ake farawa ba. Wannan hanya ta dace da 'yan aji biyu da aji uku na firamare, da sharaɗin yaro ya iya ƙirga zuwa 100, ya kuma iya tara ƙananan lambobi.

Kayan aikin ba sai an saya ba. A tara murafen kwalba, isassu ga kowane rukuni na yara biyar ko shida, sai ƙananan kwanoni, sai fili a gindin bishiya inda za a yi zane a ƙasa. Tsakuwa ko ƙwallon dabino ma sun yi. A guji wake da masara in akwai ƙanana a wurin, don suna cusa su a hanci ko kunne. Gyaɗa kuwa kafin a tashi an cinye rabin lissafin.

A makon farko kada a rubuta alamar × ko sau ɗaya. A ajiye kwano huɗu, a ce wa yaro ya zuba murafe uku-uku. A tambaye shi abu uku a jere: kashi nawa ne, nawa-nawa ne a kowane kashi, duka nawa ke nan. Yaron da ya taɓa kasa tumatir ko mangwaro a kasuwar ƙauye ya riga ya san wannan, suna kawai za a ba shi. A riƙa sa kashi ɗaya ya fi sauran da gangan, a ga ko za su lura, domin sau ba ya aiki sai kashin sun zo daidai. Bayan haka a rubuta 3 + 3 + 3 + 3 = 12, a ƙarƙashinsa 3 × 4 = 12, a karanta "uku sau huɗu", wato uku har kashi huɗu. Wasu littattafai suna fassara shi da kashi uku na huɗu-huɗu. Amsar ɗaya ce, sai dai malam ya riƙe fassara guda a farko, kada ya rikita yara.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne yaro ya ce 3 × 4 = 7. Alamar × ta yi masa kama da + da aka karkata, kuma tarawa ya saba. Gyaran ba faɗa ba ne. A mayar da shi kan kwanoni ya kasa da hannunsa, ya ƙirga.

Daga kashi sai layi, kuma a nan ya kamata a daɗe. A haƙa gurabe irin na dara, layi 5 kowanne gurbi 6. Kiret ɗin ƙwai ma haka yake, 30 cif. Yaro ɗaya ya tsaya ta gabas ya faɗi abin da yake gani: shida-shida har layi biyar. Wani ya tsaya ta kudu: biyar-biyar har layi shida. Ba a ƙara gurbi ba, ba a rage ba, don haka 6 × 5 da 5 × 6 abu guda ne. A sa su canja wuri su gani da idonsu, a sake da 3 da 8, da 2 da 9, har su gaji da mamaki. Wannan juyi shi ke rage aiki kusan rabi: jadawalin 1 zuwa 10 yana da amsoshi 100, amma in an cire maimaici 55 ne kawai. A yi musu gargaɗi tun yanzu cewa juyin bai shafi ɗebewa da rabawa ba.

Bin jadawali daga biyu zuwa uku zuwa huɗu a jere, kamar yadda yake a bayan littafin rubutu, ɓata lokaci ne. A fara da masu sauƙi. Sau 2 ninki ne: ƙafafun kaji bakwai, 14. Sau 10, a ɗaure karare goma-goma, amsa kullum tana ƙarewa da 0. Sau 5, yatsun hannu ko salloli biyar na yini: a kwana 7 an yi 35. A bar yara su gano da kansu cewa amsoshin biyar suna ƙarewa da 5 ko 0, kuma rabin na goma ne. Sau 1 ba ya canja komai. In an gama waɗannan huɗu, saura 21.

Sifili yana buƙatar darasinsa daban, domin yara da yawa za su ce 5 × 0 = 5, suna ɗauko dokar tarawa. A jera kwano biyar babu komai a ciki, a ce su ƙirga murafen da ke ciki. Dariyar da za su yi ita ce darasin.

Tara tana ba yara tsoro, alhali tana cikin masu sauƙi. Dattawa har yau suna cewa "ashirin ba biyu" a maimakon sha takwas, kuma dabarar ke nan gaba ɗaya: a yi sau goma, a ɗebe kashi ɗaya. 9 × 3 talatin ba uku, 27. 9 × 6 sittin ba shida, 54. A rubuta amsoshin a tsaye a allo, 9, 18, 27, 36 har 90, yara za su ga na hagu yana hawa, na dama yana sauka, in kuma an tara lambobi biyun kowace amsa 9 ake samu. Akwai ta yatsu: a buɗe hannu biyu, don 9 × 7 a lanƙwasa yatsa na bakwai daga hagu, shida sun rage a hagu, uku a dama, 63. Tana aiki, amma a ajiye ta sai an fahimci ta farko, don ba ta bayyana dalili.

Sau 4 ninki ne sau biyu: 7, 14, 28. Ƙafafun akuya bakwai ke nan. Sau 3 ninki ne a ƙara kashi ɗaya: 14 da 7, 21. Bayan tara da huɗu da uku, abin da ya rage shida ne tak: 6 × 6 = 36, 6 × 7 = 42, 6 × 8 = 48, 7 × 7 = 49, 7 × 8 = 56, 8 × 8 = 64.

Waɗannan ma akwai hanyar fita in an manta. A jera murafe layi 7, takwas-takwas, a ɗora kara bayan layi na biyar. Sama akwai 8 × 5 = 40, ƙasa akwai 8 × 2 = 16, a haɗa 56. Inda yara ke tuntuɓe shi ne su tsaga lambobin duka biyu, ko su manta da guntun ƙasa, shi ya sa karan yake da muhimmanci: abin da ke kowane ɓangare yana gabansu. Ga 7 × 8 akwai ƙarin abin tuni, 56 = 7 × 8, lambobin a jere suke, 5, 6, 7, 8. In lambobi uku ne, kamar 2 × 7 × 5, a nuna musu suna da damar fara haɗa 2 da 5 su sami 10, sai 70.

Yanzu hadda ta zo. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Alhamis. A yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, a cakuɗa su don kada a bi layi. Yara biyu-biyu suna tambayar juna, suna ware katin kashi uku: wanda aka amsa nan take, wanda sai da aka yi tunani, da wanda aka kasa. Gobe a fara da kashi na uku, kada sababbi su wuce uku ko huɗu a rana, a kuma dawo da kashi na farko sau ɗaya a mako don kada ya zube. Amsar baki ɗaya a aji mai yara da yawa tana ruɗin malam, domin biyar ne ke amsawa, saura suna bin sauti. A sa kowa ya rubuta amsarsa a ƙasa ko a allonsa, a zaga a duba. Bulala a kan amsar kuskure tana koya wa yaro yin shiru ko cinke. In ya ce 6 × 7 = 48, a tambaye shi yadda ya yi, galibi za a tarar ya ɗauko amsar 6 × 8 ne, sai a ware katin biyun a yi su a ranaku daban-daban.

A gida kuma, uwa ko yaya za su iya jefa tambaya ɗaya lokacin aiki: kunya 6, kowace rami 8, rami nawa za a shuka? Yaron ya faɗi amsa, ya kuma faɗi yadda ya same ta.