Yadda ake gano matsalar wuta a layin maɓallin TRC kafin a taɓa kwamfutar birki

Duk direban da yake bin hanyar Tanut daga Damagaram, ko yake shiga ƙauyukan bayan Mirya, ya san abin da rairayi yake yi wa taya. Yawancin motocin da suke shigo mana yanzu ta tashar jirgin ruwan Kwatano suna da tsarin hana taya sulɓewa, wanda Toyota take rubutawa TRC, wasu kamfanoni su rubuta TCS, motocin Turai da dama kuma ASR. Idan kwamfuta ta ga wata taya tana juyawa fiye da ƴan uwanta, sai ta rage ƙarfin inji ko ta matse birkin wannan tayar. A kan kwalta mai santsi da damina wannan alheri ne, amma a cikin rairayi mai zurfi, inda mota take bukatar tayoyinta su yi ta juyawa har ta fita, tsarin yakan karya mata ƙarfi daidai lokacin da take nemansa. Don haka aka sa maɓallin kashe shi kusa da sitiyari ko kusa da giya, kuma a ƙasa irin tamu maɓallin nan abin aiki ne na yau da kullum. Abin da yake damuna shi ne, idan maɓallin ya daina aiki, yadda ake gaggawar cewa kwamfutar birki ta mutu, a sa mai mota ya kashe jikkuna masu yawa, alhali ba a auna waya ko ɗaya ba.

Kafin a ɗauki sukurdireba, a fara sauraron mai mota, sannan a murɗa kontak, wato makullin mota, a dubi tablo, allon fitilun da yake gaban direba. A lokacin da aka murɗa, fitilun gargaɗi suna kamawa, wasu su mutu bayan ƴan daƙiƙu, wasu kuma sai an tayar da inji, kuma dole a tabbatar fitilar TRC OFF tana cikin waɗanda suka kama, domin akan samu motar da aka toshe mata fitila kafin a sayar. Idan an danna maɓalli babu abin da ya canza, ko fitilar tana kama kanta tana mutuwa a kan hanya mai gargada, zargi yana kan maɓallin da wayoyinsa. Idan kuwa fitilar ABS, tsarin da yake hana taya ƙullewa idan an taka birki, ta tsaya a kunne tare da ita, a bar maɓalli ya huta, a nufi na'urorin da suke auna gudun taya, waɗanda muke kira kaftar, domin tsarin biyu da su suke aiki. A motocin Toyota da yawa, fitilar inji kaɗai idan ta kama takan jawo fitilun TRC da VSC, tsarin da yake hana mota zamewa gefe a kwana, su biyo ta, kuma maganin wannan yana wurin inji. Haka nan motar da take jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser, idan aka sa ta a L4, wato ƙaramar giyar jan ƙafa huɗu, takan kashe VSC da kanta ta kunna fitila, wanda ba lalacewa ba ce.

Akwai kuma wanda maɓallinsa lafiya lau yake, yadda ake danna shi ne bai sani ba. A Toyota, dannawa ɗaya a saki tana kashe TRC kawai, riƙe shi sama da daƙiƙa 3 mota tana tsaye kuma yana kashe TRC da VSC tare, sannan duk lokacin da aka kashe inji aka sake tayarwa tsarin yana dawowa. Wannan bayani kaɗai ya isa a sallami wasu.

Daga nan sai batir. Batir mai lafiya, inji a kashe, yana nuna kusan bolt 12.6 a mitar awon wuta, idan inji yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin watan Afrilu da Mayu a garin nan yana cin batir, kuma kwamfutar birki ba ta son ƙarancin wuta, takan kunna fitilu barkatai idan wutar ta faɗi lokacin tayar da inji. A duba kawunan batir ko sun yi farin gari, a ɗaure su tamau. Sai a duba fizibil, wanda ƴan uwanmu na Kano suke kira fiyus, na ABS da na tablo da na ƙananan fitilu. Kada a yarda da ido a nan: a sa mita a kan ƴan ƙarafan nan biyu da suke bayan fizibil, kontak a buɗe, a ga wuta a ɓangarorin biyu.

Wanda yake da na'urar bincike ta kwamfuta zai rage wa kansa rabin aiki. Ana jona ta a soket mai baki 16 da yake ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da suka fara da C na birki da ƙafafu ne, waɗanda suka fara da U na sadarwa tsakanin kwamfutocin mota ne, sannan akwai P0856 zuwa P0859 da suke magana a kan saƙon tsarin hana sulɓewa, inda P0858 yake nufin wutar saƙon ta yi ƙasa, P0859 kuma ta yi sama. A rubuta lambobin a takarda kafin a goge su. Sai dai abin da ya fi lamba amfani shi ne shafin da yake nuna halin da maɓalli yake ciki a daidai wannan lokaci. A sa yaro ya danna ya saki, ana kallon allo. Idan rubutun yana canzawa tare da yatsansa, to maɓalli da waya sun isar da saƙo, matsalar tana gaba. Idan bai motsa ba, ko ya tsaya a kan cewa an danna alhali babu mai taɓa shi, to aiki ya dawo kan mita.

A nan ne ya kamata a fahimci yadda layin yake, domin wanda bai fahimce shi ba zai yi ta tsire waya a banza. Maɓallin a yawancin motoci ba ya maƙalewa, ana danna shi ne ya dawo. Kwamfuta tana aiko masa da ƴar wuta ta waya guda, bolt 5 a wasu motoci, kusan 12 a wasu, shi kuma idan an danna shi sai ya haɗa wannan wayar da mas, wato jikin mota, wutar ta faɗi kusa da sifili. Faɗuwar nan ita ce saƙon. Sau da yawa za a ga wayoyi huɗu a bayansa: ta saƙo, ta mas, da biyu na ƴar fitilar da take haska shi da dare. Kamawar wannan fitila ba ta nuna cewa maɓalli yana aiki, layinta dabam ne, kuma hanyar rarrabe ta mai sauƙi ce: wayar da wuta take zuwa mata idan an kunna ƙananan fitilu, ta ɗauke idan an kashe, ta haske ce. A wasu motoci wayar saƙo tana tafiya kai tsaye zuwa kwamfutar birki, a wasu kuma tana shiga tablo ko kwamfutar jikin mota tukuna, don haka zanen wayoyin wannan motar da wannan shekarar shi ne abin dogaro. Ba a dogara da launin waya na wata mota.

A ciro maɓallin da lallami, da abin roba idan akwai, domin robar tablo da rana ta gasa tana karyewa kamar busasshen kara. A zare soket, kontak a rufe, a sa mita a awon om, wanda yake nuna ko wuta za ta iya bi ta wuce, a ɗora ta a kan bakin saƙo da bakin mas na maɓallin. Ba a danna ba, bai kamata a ga haɗuwa ba. An danna, ya kamata a ga ƙasa da om 1. A maimaita sau goma ko fiye, ana dannawa ta gefe da ta tsakiya, domin ƙurar hunturu idan ta shiga ciki ta haɗu da shayin da ya taɓa zubewa, maɓalli yakan yi aiki sau uku ya ƙi sau ɗaya. Akwai motocin da aka haɗa maɓallai da yawa a waya guda, kowane da adadin om ɗinsa, a can ba za a ga sifili ba, sai a kwatanta da abin da littafin motar ya ce.

Idan maɓalli ya fita daga zargi, sai a koma kan soket na ɓangaren mota. A buɗe kontak, baƙar wayar mita a jikin mota inda babu fenti, jar a bakin saƙo. Ganin bolt 5 ko 12 yana nufin waya ta iso lafiya. Ganin sifili yawanci yana nufin ɗayan biyu: ko ta tsinke a hanya, ko ta goge tana taɓa ƙarfe. Don a rarrabe, a rufe kontak, a cire kan batir na mas, a zare soket ɗin kwamfutar da wayar take zuwa, sannan a auna wayar daga wannan kai zuwa wancan, a kuma auna ta da jikin mota. Rashin haɗuwa tsakanin kai da kai tsinkewa ce, haɗuwa da jikin mota kuma gogewa ce. Ita ma wayar mas a auna ta da jikin mota, kada ta wuce om 1. Ƙusar da take ɗaure mas a bayan tablo takan yi tsatsa a motar da ake wanke cikinta da ruwa.

Ina roƙon abokan sana'a su kiyaye abubuwa biyu a wannan mataki. Kada a gwada wayar saƙo da fitilar gwaji mai ƙwai, domin tana jan wutar da za ta iya ƙona ƙafar kwamfuta, mita kaɗai ake sa mata. Kuma duk soket ko wayar da aka naɗe da rawaya ta jakar iska ce, ba a kusantarta da mita.

Wata rana an kawo mini wata ƙaramar jif da aka riga aka yanke wa hukuncin canjin kwamfutar birki. Maɓalli ya auna lafiya, wayar saƙo tana nuna bolt 12, komai kamar daidai. Na bar mita a jone, na ce wa yarona ya kalli lamba, ni kuma na sa hannu ina girgiza damin wayoyi a bayan rediyo. Can sai ya ce, "Maigida, ta faɗi, ta kuma dawo." Da muka ciro rediyon, sai ga ƙusar da wani ya ɗaura lokacin sa sabuwar rediyo ta huda tef ta ci rigar waya, ɗan jan ƙarfe kamar zare biyu yana leƙowa. Duk ramin da motar ta faɗa, kwamfuta sai ta ɗauka an danna maɓalli. Mai motar ya tambaye ni ko sai an sayo wani abu, na ce masa, "Alhaji, dalma da ƴar roba sun isa." Tun daga ranar ba na kammala awo sai na girgiza waya, musamman inda aka taɓa sa rediyo ko na'urar bin sawun mota, da inda dami yake ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota, da duk inda na ga kashin ɓera.

Gyaran waya a yi shi da dalma, a rufe da robar da take tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba ya ƙetare bazara a Damagaram, tef ɗin yana narkewa ya saki. Bakin soket da ya yi kore a wanke shi da ruwan fesawa na wanke lantarki, wanda ya buɗe a matse shi da allura. Maɓallin da ya mutu a canza shi da mai lamba iri ɗaya, a kuma auna na kwance kafin a biya kuɗinsa.

Sai an ga maɓalli lafiya, wayar saƙo ba tsinkewa ba gogewa, mas ɗinta daidai, sannan wuta da mas suna isa kwamfutar kanta, amma duk da haka ba ta aiko da wutar saƙo ko ba ta amsa shi, a lokacin ne ake maganar kwamfuta. Idan akwai lamba mai U, a ƙara awo ɗaya: batir a cire, a auna tsakanin baki na 6 da na 14 a soket ɗin bincike, a yawancin motoci a ga kusan om 60, domin layin sadarwa da ya lalace yakan sa a zargi kwamfutar da ba ta da laifi.

Bayan an mayar da komai, a goge lambobi, a kashe inji a sake tayarwa, a danna maɓalli a ga fitila ta kama, a sake dannawa a ga ta mutu. Sannan a fita da motar bayan gari inda akwai rairayi kaɗan kuma babu jama'a, a taka totur a hankali tsarin yana kunne, a ga fitilar motar nan mai zanen sulɓi tana ƙiftawa inji yana ja da baya, a kashe shi a sake takawa, a ji tayoyi suna juyawa ba tare da an riƙe su ba. A hanyar dawowa a bi ta wurin gargada, ido a kan tablo, a sake jona na'ura da an iso garaji.